Muhawara kan Rifileksoloji: Me Tausar Tafin Ƙafa Take Yi wa Jiki?

Ummu Aisha:
Assalamu alaikum, 'yan uwa. Ina neman haske daga masu ilimin lafiya da ke cikin wannan zaure game da tausar tafin ƙafa da ake kira rifileksoloji. Mahaifiyata tana fama da hawan jini da rashin barci, tana kuma shan magungunan da likita ya ɗora ta a kai, sai wata ƙawata ta ba ni shawarar in riƙa kai ta wurin mai yin wannan tausa. Ta turo mini hoton taswirar ƙafa da aka zana hanta da ƙoda da huhu da zuciya a cikinta, ta ce kowane sashe na jiki yana da gurbinsa a tafin ƙafa, kuma idan aka danna gurbin, sashen zai samu sauƙi. Tambayata biyu ce: shin wannan magana tana da tushe, kuma akwai wata illa da zan ji wa tsohuwa tsoro idan na kai ta?

Hajiya Mai Tausa:
Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya ba Mama lafiya. Wannan ita ce sana'ata, a hannun malamai kuma na koye ta, don haka bari in fara gaya miki yadda ake yi kafin likitocinmu su zo da nasu bayanin. Mutum zai kishingiɗa a gado ko a kujera mai kwantawa da tufafinsa a jikinsa, takalmi da safa kawai zai cire. Za a goge ƙafafun da tsumma mai ɗumi, a shafa ɗan mai ko hoda gwargwadon yadda yatsa zai yi tafiya ba tare da ya ja fata ba, sannan a fara murza idon sawu da yatsun ƙafa har ƙafar ta saki. Daga nan ainihin aikin yake farawa. Mai tausa zai tallafe ƙafar da hannu ɗaya, ya ɗora kan babban yatsan ɗaya hannun a fatar tafin, yana lanƙwasa shi yana miƙewa, yana matsawa gaba kaɗan-kaɗan kamar tafiyar tsutsa, har ya bi tafin gaba ɗaya bai tsallake ko'ina ba. Zama ɗaya yakan ɗauki minti 30 zuwa awa ɗaya.

A taswirar da muke aiki da ita, yatsun ƙafa su ne kai da wuya, tudun da ke ƙarƙashin yatsu shi ne ƙirji da huhu, kwarmin tsakiyar tafi shi ne kayan ciki, hanta a ƙafar dama, saifa a ta hagu, dunduniya ita ce ƙugu da mara, gefen ƙafa na ciki kuma, tun daga babban yatsa har dunduniya, shi ne ƙashin baya. Abin da idona yake gani kullum shi ne, kafin a kai rabin zama kafaɗun mutum sun sauka, numfashinsa ya yi tsawo, cikinsa ya fara ƙugi, wasu ma sai an tashe su idan an gama. Masu rashin barci su ne suka fi dawowa da godiya.

Baba Malami:
Hajiya ta yi bayanin yadda ake yi, ni kuma bari in ƙara da inda abin ya samo asali, domin masu tallarsa sukan ce ya shekara dubbai, alhali taswirar da ake turawa a waya ba ta cika shekara 100 ba. Hujjar da suka fi kafawa da ita wani zane ne a kabarin Ankhmahor da ke Saƙƙara a ƙasar Masar, na wajen shekara ta 2330 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), inda ake ganin wasu mutane riƙe da hannaye da ƙafafun wasu. Zanen yana nan, babu musu, amma babu taswirar sassan jiki a cikinsa, kuma akwai masana tarihin Masar da suke ganin tausa ce ta yau da kullum ko gyaran farce.

Abin da ake yi a yau ya faro ne daga wani likitan kunne da hanci da maƙogwaro a Amurka, William Fitzgerald, wanda a 1913 ya zo da ra'ayin cewa jikin mutum ya kasu shiyya goma da suka taso daga kai zuwa yatsu, biyar a dama biyar a hagu, kuma matsa wani wuri a cikin shiyya yana rage zafi a wani wurin na shiyyar. Har roba yakan ɗaura wa marasa lafiya a yatsu saboda wannan. A 1917 shi da Edwin Bowers suka fitar da littafi a kai. Daga baya, a shekarun 1930, wata ma'aikaciyar fisiyo, wato jinya ta hanyar gashi da motsa gaɓoɓi, mai suna Eunice Ingham ta tattara shiyyoyin nan ta mayar da su tafin ƙafa, ta zana taswirarta, ta fitar da nata littafin a 1938, ta kuma yi ta yawo tana koyarwa. Ta rasu a 1974. Ɗalibarta Doreen Bayly ce ta yaɗa abin a Ingila a shekarun 1960. Ban kawo wannan don in rage wa sana'ar Hajiya daraja ba, domin sabon abu ma yana iya zama mai amfani. Sai dai daɗewa ba hujjar magani ba ce, balle daɗewar da aka aro.

Dakta Abu Yusuf:
Na gode wa Baba da wannan tarihi. Ummu Aisha, a cikin abin da ƙawarki ta gaya miki akwai magana biyu da aka cuɗanya, kuma sai an raba su kafin a ba ki amsa. Ta farko ita ce tausar ƙafa tana sa mutum ya huta, hankalinsa ya kwanta, zafin da yake ji ya ɗan lafa. Wannan ba ni da ja a kanta. Ta biyu ita ce akwai wata hanya da ta haɗa wani gurbi a tafin ƙafa da hanta ko ƙoda, ta yadda danna shi zai gyara su ko ya nuna cutar da ke cikinsu. Wannan kam ba a tabbatar da ita ba.

Ƙafa ɗaya tana da ƙasusuwa 26 da gaɓoɓi 33, kuma an san hanyar kowace babbar jijiya da ke cikinta. Jijiyoyin da ke ɗauko saƙo daga tafi suna bi ta bayan idon sawu na ciki, su haura ta bayan ƙauri da cinya, su shiga laka ta ƙasan baya, daga nan saƙon ya wuce ƙwaƙwalwa. Ɗaruruwan shekaru ana nazarin jikin ɗan Adam a makarantun likitanci, ba a ga wata jijiya ko magudana da ta taso daga tsakiyar tafin dama ta nufi hanta ba. Su kansu taswirorin ba su yi ittifaƙi ba, domin idan kika jera na makarantu daban-daban za ki ga gurbin wasu sassan yana sauya wuri.

An kuma gwada. A shekara ta 2000 masu bincike a Jami'ar Exeter da ke Ingila sun sa masu wannan tausa su duba ƙafafun mutanen da likitoci suka riga suka san cutar da ke damunsu, ba tare da an bar su sun yi hira da su ba, sai ya zamana ba su iya gano cututtukan ba, kuma abin da wannan ya faɗa ba shi wancan ya faɗa ba. A 2009 Farfesa Edzard Ernst, wanda ya riƙe kujerar nazarin magungunan tallafi a wannan jami'a, ya tattara gwaje-gwaje 18 irin waɗanda ake raba marasa lafiya gida-gida ta hanyar ƙuri'a, ya kammala da cewa mafi ingancinsu ba su nuna a fili cewa rifileksoloji tana maganin wata cuta ba.

Hajiya Mai Tausa:
Dakta, ina girmama iliminka, amma akwai abin da mai aiki da hannunsa yake gani wanda takarda ba ta ɗauka. Sau da yawa yatsana zai kai wani wuri a kwarmin tafi, mutum ya zabura ya ce akwai zafi, in tambaye shi ko cikinsa yana damunsa, ya ce lallai ya kwana biyu yana fama. Wani lokaci kuma ina jin wasu ƙananan ƙulle-ƙulle a ƙarƙashin fata, malamanmu suka ce dattin jini ne da ya daskare a wurin, kuma idan aka murza su suka watse mutum yana jin sauƙi. Sannan idan har abin ba ya aiki, me ya sa asibitocin ciwon daji (kansa) da gidajen kula da masu jinya a Ingila suke ɗaukar masu yin sa, me kuma ya sa ya samu karɓuwa haka a ƙasa irin Denmak, inda mutane ba su rasa likitoci ba?

Dakta Abu Yusuf:
Hajiya, ban ƙaryata abin da kika gani ba, fassararsa ce muke saɓani a kai. Tafin ƙafar babban mutum da wuya a bi shi da yatsa ba a samu wuri mai zafi ba, saboda shi yake ɗauke da nauyin jiki duk yini, ga takalmi, ga tsayuwa, ga wata faffaɗar jijiya da ta miƙe daga dunduniya zuwa gindin yatsu wadda take yawan ƙagewa. Ciwon baya da ɓacin ciki da ciwon kai kuwa, kusan duk wanda kika tambaya zai ce miki yana da ɗaya daga ciki. Idan aka haɗa biyun, dacewa za ta yi yawa, kuma ɗabi'ar ɗan Adam ce, likita ne ko mai tausa, ya riƙe lokutan da ya dace ya manta waɗanda bai dace ba. Shi ya sa a gwajin da na ambata aka hana hira, aka bar yatsa shi kaɗai ya yi magana.

Ƙulle-ƙullen da kike ji kuma suna da bayani. Kitsen da ke tafin ƙafa a rarrabe yake cikin ƙananan ɗakuna da zaruruwan nama suka kewaye, don ya rage wa ƙashi dukan ƙasa, kuma idan aka danna shi da ƙarfi haka ake jin sa. Akwai cutar da wani sinadari yake daskarewa a ƙafa da gaske, wato gawut, amma a cikin gaɓa yake taruwa, galibi gindin babban yatsa, kuma mai wannan ciwo idan ya tashi ko mayafi ba ya son ya taɓa wurin, balle a murza. Tambayarki ta ƙarshe ita ce mai nauyi, kuma ina ganin Sista ta fi ni cancantar amsa ta.

Sista Ummu Hani:
Na gode, Dakta. Na daɗe ina jinyar masu ciwon kansa, kuma abin da zan ce shi ne asibitocin da Hajiya ta ambata ba don ta kashe ƙwayar cuta suke kawo wannan tausa ba, su da kansu suna rubuta hakan a takardun da suke ba marasa lafiya. Suna kawo ta ne don mai jinya ya samu sassauci. Ku yi tunanin macen da ta yi watanni duk hannun da ya taɓa ta allura ya zo yi, ko ɗibar jini, ko duba ƙari. Jikinta ya koyi ɗaurewa da zarar an matso. Na taɓa ganin irin wannan baiwar Allah, wadda ko hannu aka kai kusa da ita sai ta runtse ido ta dunƙule yatsu, aka zauna a ƙarshen gadonta aka ɗora ƙafafunta a kan matashi, aka riƙe su shiru na ɗan lokaci kafin a fara. Bayan kamar minti goma yatsun hannunta suka buɗe a kan zanin gado, ta fara ba mai tausar labarin jikokinta. Ƙarinta bai ragu ba, amma a daren nan ba ta kira mu ba sai da asuba. Ƙafa tana da wani alfanu a nan: nesa take da inda aka yi tiyata da inda aka sa robar ƙarin ruwa, kuma ba sai mutum ya tuɓe ba.

Akwai binciken da ya shafi wannan kai tsaye. A 2012 Gwen Wyatt da abokan aikinta a Jami'ar Jihar Mishigan ta Amurka sun fitar da sakamakon gwaji a kan matan da kansar nono ta yi nisa a jikinsu. Waɗanda aka yi wa rifileksoloji sun samu sauƙin sarƙewar numfashi, sun kuma fi iya ƙananan hidimomin yau da kullum fiye da waɗanda ba a yi musu komai ba. Amma a ɓangaren zafin ciwo da tashin zuciya da fargaba ba a ga bambanci ba. Ina kawo duka biyun ne saboda masu talla rabin farko kawai suke ɗauka.

Ɗan Jami'a:
Ina neman afuwar manya, amma ni a ganina an riga an gama magana. Idan taswirar ba gaskiya ba ce, to abin da ya rage tausa ce kawai da sa rai, kuma sayar wa mara lafiya sa rai da sunan kimiyya yaudara ce, ko da ya ji daɗi. Me zai hana a kira ta tausar ƙafa, a yar da taswirar, kowa ya huta?

Dakta Abu Yusuf:
Ƙanena, rabin maganarka akwai gwajin da ya goya mata baya. A 2002 masu binciken Exeter sun ɗauki matan da suke fama da matsalolin ɗaukewar al'ada, irin zafin da ke taso wa mace kwatsam da gumin dare da damuwa, suka yi wa wasu rifileksoloji bisa taswira, wasu kuma tausar ƙafa ta gama-gari. Duka ɓangarorin biyu sun ce sun samu sauƙi, kuma babu wanda ya fi wani. Gwamnatin Ostireliya ma ta sa an duba hujjojin wasu hanyoyin jinya 17 a 2015, har da wannan, ba a samu hujja bayyananna ba, kuma daga watan Afrilu na 2019 aka cire ta daga cikin abubuwan da inshorar lafiya mai samun tallafin gwamnati take biya.

Inda ban bi ka ba shi ne cewa abin da ya rage sa rai ne kawai. Taɓawa tana da aikinta a jiki. Tun 1965 Ronald Melzack da Patrick Wall suka bayyana yadda saƙon taɓawa da matsawa yake iya rage ƙarfin saƙon zafi a cikin laka kafin ya kai ƙwaƙwalwa, wanda shi ne dalilin da ya sa mutum yake murza wurin da ya buge ba tare da an koya masa ba. Haka nan idan mutum ya kwanta shiru na kusan awa ɗaya, babu waya a hannunsa, wani yana kula da shi cikin natsuwa, ɓangaren jijiyoyin da ke kula da hutu da narkar da abinci yakan rinjayi na firgici, bugun zuciya ya sassauta, numfashi ya daidaita. Ƙugin cikin da Hajiya take ji daga nan yake. Wannan amfani ne na gaske, sai dai gajere ne, kuma ba ya buƙatar a ce an taɓa gurbin ƙoda. Yaudara tana shigowa ne lokacin da aka ce wa mutum an gano cutarsa a ƙafa, ko an ce za a warkar da ita.

Abu Sadiƙ:
Ina biye da wannan muhawara da kyau. Mahaifina yana da ciwon suga, kuma ƙafafunsa suna yi masa dindiris da zugi da dare, wani lokaci ya ce kamar ba nasa ba. An ce mana wannan tausa tana tayar da jijiyoyin da suka mutu. Ko ya dace mu gwada?

Sista Ummu Hani:
Malam Abu Sadiƙ, ka yi kyau da ka tambaya kafin ku fara, domin Baba yana cikin mutanen da aka fi jin wa tsoro. Suga idan ya daɗe yana lalata jijiyoyin ji na ƙafa, ya kuma rage gudun jini zuwa gare ta. Mutum mai lafiya idan an danna shi fiye da kima zai janye ƙafa, shi kuwa mai wannan matsala ba zai ji ba, sai fata ta ƙuje ko jini ya kwanta a ƙarƙashinta, kuma ƙaramin rauni a irin wannan ƙafa shi ne yake zama gyambon da ke ƙin warkewa, har wani lokaci ya kai ga yanke ƙafa. Tausa ba ta farfaɗo da jijiyar da suga ya lalata. Abin da yake rage ci gaban lalacewar shi ne daidaita sugan, kuma akwai magungunan da likita yake bayarwa musamman don wannan zugi na dare. Ku fara kai shi a duba ƙafar, akwai wani siririn zaren roba da ake taɓa wurare a tafi da shi don a auna yadda yake ji, sannan a duba bugun jini a ƙafar. Idan likita ya yarda, shafa mai sauƙi da tafin hannu ya wadatar, ba dannawa da kan yatsa ba, kuma kada a bar mai ko danshi a tsakanin yatsu. Ku riƙa duba tafin da tsakanin yatsun kullum a wuri mai haske.

Tunda an zo nan, bari in faɗi sauran waɗanda bai kamata a taɓa ba sai da izinin likita. Wanda ƙafarsa ɗaya ta kumbura, ta yi zafi, ƙaurinsa yana ciwo, asibiti ya kamata ya nufa a ranar, domin yana iya zama gudan jini ne ya toshe babbar jijiya, kuma idan gudan ya ɓalle huhu yake tafiya. Haka mai buɗaɗɗen rauni ko ƙuraje masu ruwa a ƙafa, da wanda ya samu karaya ko targaɗe bai daɗe ba, da mai shan maganin tsinka jini, da mai karɓar maganin ciwon daji wanda ƙwayoyin da ke tsayar masa da jini suka yi ƙasa, domin shi ɗan matsi kaɗan yana sa jini ya taru.

Ummu Aisha:
Allah ya saka muku da alheri, na ƙaru ƙwarai. Mama ba ta da suga, ƙafafunta kuma lafiya lau suke. Saura abu ɗaya da ban faɗa ba tun farko: ƙawar tawa ta ce idan aka jima ana yi, jinin zai sauka har a rage mata ƙwayoyin da take sha, kuma gaskiya wannan ne ya fi jan hankalin Mama, domin ta gaji da shan magani.

Dakta Abu Yusuf:
To, nan ne haɗarin yake, ba a tausar ba. Idan aka auna jinin mutum bayan ya kwanta ya huta, sau da yawa za a ga ya ɗan sauka, ko an yi masa tausa ko ba a yi ba, amma da ya tashi ya koma hidimarsa zai koma inda yake. Hawan jini kuma cuta ce da ba ta cika nuna alama ba, mutum yana jin garau alhali tana cin ƙodarsa da zuciyarsa da jijiyoyin ƙwaƙwalwarsa, shi ya sa jin daɗin jiki ba ma'auni ba ne. Wasu magungunan ma idan aka tsayar da su farat ɗaya jinin yakan yi tsalle ya wuce inda yake a da. Ki kai Mama tausar idan tana so, mai yiwuwa ta taimaka mata wajen barci, amma ƙwaya ko ɗaya kada a taɓa. Idan akwai abin awo a gida, a riƙa aunawa a lokaci ɗaya kullum ana rubutawa, a kai wa likitanta takardar, shi zai ga ko akwai abin ragewa. Ki kuma gaya masa maganar gajiya da maganin da ta rashin barcin, domin wani lokaci akan haɗa ƙwaya biyu a ɗaya, wani lokaci kuma maganin da ke sa yawan fitsari ne ake sha da yamma yana tayar da mutum da dare. Abu na ƙarshe, bayan an gama tausa ta zauna a bakin gado na ɗan lokaci kafin ta miƙe, saboda tsofaffi masu shan maganin hawan jini jiri yakan ɗebe su.

Hajiya Mai Tausa:
A kan wannan ni da Dakta bakinmu ɗaya. Duk mai tausar da ya ce wa mutum ya ajiye maganinsa, ko ya kalli ƙafa ya ce ƙodarka ta lalace, ya wuce gona da iri, kuma malaman kirki suna hana ɗalibansu wannan tun ranar farko. Ni kafin in taɓa ƙafar kowa sai na tambaye shi cututtukan da yake da su da magungunan da yake sha, in duba fatar da idona, kuma na sha mayar da mutum ya je asibiti tukuna. Ƙanwata, idan kika je wurin da ba a yi wa Mama waɗannan tambayoyi ba, ki ɗauke ta ku fito. Maganar taswira kuwa, har yanzu ina aiki da ita, domin ita ce take sa in bi ƙafa a tsare ban bar wani lungu ba, kuma zuciyata ba ta gama sakin cewa akwai wani abu a cikinta da awo bai kai gare shi ba tukuna. Ɗan Jami'a yana iya kiran abin da nake yi tausar ƙafa, ba zan yi fushi ba.

Baba Malami:
Shawarar Hajiya tana da muhimmanci saboda a ƙasashe da yawa doka ba ta tsare wannan sana'a yadda ta tsare aikin likita da na jinya ba. Ko a Birtaniya rajistar ta ganin dama ce, a ƙarƙashin wata hukuma mai suna CNHC da aka kafa a 2008, don haka wanda ya yi dogon horo da wanda ya kalli bidiyo a intanet duk suna iya ɗaga allo iri ɗaya. Sannan salon ba ɗaya ba ne. Wanda Hajiya ta siffanta mai taushi ne, amma akwai salon da wani limamin coci ɗan ƙasar Suwizalan, Josef Eugster, ya yaɗa a Taiwan, inda ake dannawa da ƙarfi da gaɓar yatsa ko da ɗan sanda, har mutum ya riƙa cije baki. Masu yin sa sukan ce zafin alamar aiki ne. Tsohuwa mai siririyar fata ba ta da buƙatar wannan, kuma haƙƙinta ne ta ce a sassauta ko a tsaya.

Maman Biyu:
Ku gafarce ni na shigo a makare. Ina da ciki wata bakwai, ƙafafuna suna kumbura da yamma, kuma na ji ana cewa akwai wani wuri kusa da idon sawu da idan aka danna shi naƙuda take tashi. Wannan ya sa ko mijina ya ce zai matsa mini ƙafa sai in hana shi.

Sista Ummu Hani:
Allah ya sauke ki lafiya, ƙanwata. Ba a tabbatar da cewa danna wani wuri a ƙafa yana tayar da naƙuda ba, ko da yake masu wannan sana'a da yawa suna kauce wa watanni ukun farko don kandagarki. Shafa mai taushi daga yatsu zuwa sama, tare da ɗora ƙafafu a kan matashi, yana rage nauyin da kike ji, kuma maigida yana iya yi miki. Ki kwanta ta gefe, musamman na hagu, ko ki jingina, kada ki daɗe a rigingine a waɗannan watanni, domin nauyin mahaifa yana danne babbar jijiyar da ke mayar da jini zuwa zuciya.

Kumburin ne nake so ki sa wa ido. Wanda yake zuwa da yamma a ƙafa biyu ya sauka da safe, yawancin masu ciki suna yin sa. Amma idan ya zo farat ɗaya, ya hau fuska da hannaye, ko ya haɗu da ciwon kai mai tsanani, ko gani dishi-dishi, ko ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, wannan yana iya zama hawan jinin masu ciki wanda ke kai wa ga jijjiga, kuma a ranar ake zuwa asibiti a auna jini da fitsari. Haka idan ƙafa ɗaya ce ta fi ɗaya kumbura tana zafi, kada a matsa ta ko kaɗan, saboda ciki yana ƙara yiwuwar gudan jinin da na ambata a sama. Idan kina son zuwa wurin mai rifileksoloji, ki fara sanar da ungozomar da ke duba ki a awo na gaba, ki kuma nemi wadda ta samu horo a kan masu juna biyu.